Ranar Da Muka Tafi Fachi, Tukunya Bisa Wuta

Unguwar Obitara, Agadas
Ranar Lahadi, cikin sanyin Disamba

Zuwa ga Yayana Seydou, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girma da ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rabi da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya raba ka da ciwon ƙafar nan da ka ce sanyin damina yana tayar maka. Mu nan sai godiya. Maigidana Illiya bayansa ya yi sauƙi har ya koma butik, Mubarak ya fara tafiya yana ɓarna a ko'ina, ita kuwa Souwaiba an ce ita ce ta biyu a ajinsu, tun ranar ba ta bar kowa ya huta ba. Tijjani, shofer ɗin kamiyon albasa da ke zuwa wajenku, shi zai miƙa maka wannan tare da wani ɗan buhu. Don Allah kada ka buɗe buhun sai ka karanta har ƙarshe.

Da gangan na ƙi yi maka saƙon murya, don na san halinka: kafin in kai tsakiyar labari ka riga ka kira kana faɗa. Takarda kuwa ba a katse ta. Ka zauna, Yaya, in kana tsaye. Ka tuna makon jiya da ka yi ta kira, Illiya yana ce maka mun tafi unguwa ni da Inna? To bai yi ƙarya ba, unguwar ce ta yi nisa. Fachi muka je. Wallahi Fachi, Yaya, garin su Inna, tsakiyar hamadar Tenere! Ni da nake rubuta maka, da ƙafata na taka ƙasar gishirin nan da muka tashi muna jin labarinta kamar tatsuniya. Har yanzu in na tuna sai in ajiye biro in yi dariya ni kaɗai, Souwaiba tana dubana kamar na zare.

Kafin in ba ka labari bari in tuna maka wata magana. A watan jiya ka ce an koya wa ɗiyarka Asiya a lakwal kalmomin Ingilishi na abin da mutum ya yi ba tare da shiri ba, ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba. Ka ce suna da yawa, har ka jero mini su a waya, ni kuwa ko ɗaya ban riƙe ba, faransancin ma da na yi a lakwal rabinsa ya zube. Abin da na riƙe shi ne ka ce da malamin ya nemi misali, Asiya ta ɗaga hannu ta ce Baffanta Marwan na Agadas. Muka yi dariya har da hawaye, na ce ai mu ma ba mu rasa ba: garaje, ganganci, gaggawa, karambani, aikin da ka, duk sunayen autanmu ne. Ba shi ne ya raka abokinsa otogar shiga mota ba, muka ji shi da la'asar yana kira daga Arlit wai hira ce ta yi daɗi? Ba shi ne aka aika sayen burodi ya komo da ɗan jaki daga Dabaga, wai ya ga idonsa da ban tausayi? Na yarda da kai a ranar, na ce yaron nan sai addu'a. Yau kam bakina ya mutu.

Ka san buhun dabinon da Iya Habsa, yayar Inna, take aiko mata kowace shekara in ayarin gishiri ya komo, na bishiyar da Kaka ya shuka da sunan Inna. Ka kuma san tun da Baba, Allah Ya jiƙansa, ya kawo ta Agadas, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ƙafarta ba ta sake taka Fachi ba. Da mahaifinsu ya rasu tana ɗauke da cikinka, daga baya hanya ta lalace shekarun tashin hankali, sai jinyar Baba, sai kuma mu da shirinmu. Ba gori nake yi maka ba, tare muka yi ta: sai ka zo, sai an samu mota kat-kat mai kyau, sai likita ya duba tansiyonta, hawan jinin nan nata, sai an haɗa turamen Ghana na kowa da kowa don kada mu shiga garin mutane hannu biyu. Kowace shekara mu ce baɗi. Ita kuwa Inna ba ta taɓa matsa mana ba, sai dai ta ce Allah Ya kai mu, ta ci gaba da jan carbinta.

To ranar Litinin ta makon da ya wuce, da hantsi, wani ɗan madugu ya kawo buhun bana. Ina tsakar gida na ɗora tukunyar shinkafa da wake, Marwan ya biyo shan shayi kafin ya tafi garejinsu. Inna ta ja buhun gabanta kamar yadda ta saba, ta shafa bakinsa da yatsu, don idonta ba ya ganin ƙananan abu yanzu. Sai na ga ta tsaya. Ta sake shafawa daga wannan gefe zuwa wancan, sa'an nan ta ce wannan ba ɗinkin Habsa ba ne. Na ce haba Inna, ga jan zaren nan da take sawa kullum. Ta ce zaren dai nata ne, amma Habsa bahaguwa ce, ɗinkinta hagu yake kwanciya, wannan kuwa dama ya kwanta. Ta ce shekara arba'in Habsa ba ta taɓa barin wani ya ɗinke mata bakin buhu ba, ko ranar da ta haihu. In har ta bari, to hannun ne babu, ko kuwa mai hannun. Ba ta yi kuka ba, Yaya, da ma ta yi. Ta dai ɗora tafinta bisa ɗinkin.

Nan take na fara abin da na iya. Na ce bari mu kira Karim ɗan Iya Habsa, muka kira ba rezo, waya ba ta shiga, ka san garin sai an dace. Na ce to bari mu kira Yaya Seydou a shirya, ƙila bayan salla ƙarama. Ina cikin lissafin watanni ban lura Marwan ya ajiye kofin shayinsa ya fita ba. Ban kawo komai a raina ba, na shiga ɗaki ina goya Mubarak. Ko da na fito, tabarmar Inna wayam, ba ita, ba carbinta, ba butarta. Ɗiyar maƙwabta ce ta ce mini ta ga Baffa Marwan ya ɗauki Inna bisa moto sun yi wajen fitar gari ta gabas. Ashe a gareji ya ji cewa abokinsa Mourtala zai tashi da motoci biyu a ranar, zai kai allunan sola da buhunan gero Fachi. Ya komo ya tambayi Inna kalma ɗaya, ko za ta je. Ta miƙe ta yafa mayafi.

Yaya, ban san sa'ad da na sauke Mubarak na miƙa wa maƙwabciya ba. Abin da ya faɗo mini kawai maganin tansiyonta da suka bari bisa taga. Na fizge shi, na tare ɗan kabu-kabu, da zanen girki a jikina da silifas na roba, ina ta maimaita a zuci irin wankin babban bargon da zan yi wa Marwan a gaban mutane. Na iske su an gama ɗaure kaya, Inna ta hakimce a gaba kusa da shofer kamar matar gwamna. Na fara faɗa, na ce tsohuwa ce fa, na ce ba bargo, ba guzuri, ba a gaya wa Yaya ba, in wani abu ya same ta cikin rairayi wa zai ɗauki alhaki? Marwan yana sosa ƙeya yana cewa ai shi bai yi tunanin bargo ba. Na ce yaushe ka taɓa tunanin wani abu? Sai da na gaji don kaina, sa'an nan Inna ta matsa gefe, ta buga kujerar da tafin hannu ta ce mini: “Ramata, in faɗa za ki yi, shigo ki yi shi a hanya. Habsa ba za ta jira ki gama ba.”

Na shiga. Wallahi ban san yadda aka yi ba, na dai ga ƙafata a cikin mota, Mourtala ya tayar. Sai da hasumiyar babban masallaci ta fara ɓacewa a bayanmu na dafe ƙirji na ce wayyo tukunyata! Motar duka aka kwashe da dariya, har Inna, wadda rabon da in ji ta yi irin wannan dariya tun Baba na da rai. Kafin rezo ya yanke na samu Illiya, na ce masa ya sauke shinkafa, ya karɓo Mubarak, ni na tafi Fachi. Sai ya tambaye ni ko Fachi sunan wata unguwa ce sabuwa.

Ba zan ɓoye maka ba, hanya ta ba mu kashi. Sanyin Tenere ba irin na gari ba ne, har ƙashi yake shiga, mu kuwa ba abin rufa sai tamfol ɗin da aka lulluɓe gero da shi da wani tsohon bargon Mourtala mai warin man gazuwal, shi muka naɗe Inna a ciki. Guzurinmu gari da sukari da cukun da wani fasinja Ba'abzine ya raba mana, Allah Ya saka masa. Mota ta kafe cikin rairayi har na daina ƙirgawa, maza su sauka su tona su shimfiɗa ƙarafa, ni ma na tura, silifas ɗina ɗaya can na baro shi. Kwana na biyu da rana kan Inna ya fara sarawa, idonta ya yi ja. Nan ne na zaro maganin daga ƙugu, na dubi Marwan, ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya yi mini albarka. Na ce ka ga amfanin masu tunani ke nan. Ya ce gaskiya ne, amma da masu tunani aka bari da yanzu muna Obitara muna duba kalanda. Na ce ya rufe mini baki.

Abin da ya fi hanyar wahala shi ne abin da ba wanda ya faɗa. Kowa ya san tambayar da ke cikin motar: gaisuwa za mu yi ko ta'aziyya? Inna ba ta ambaci sunan Habsa ba ko sau ɗaya tun da muka bar gari, carbi kawai take ja. Ni kuwa ina ta roƙon Allah a zuci kada Ya sa mu jawo tsohuwar nan duk wannan nisa don ta tsaya bisa kabari.

Sai ga Fachi. Yaya, ban iya kwatanta maka ba. Ka yi ta ganin rairayi har idonka ya gaji, kwatsam sai ga dutse, ƙarƙashinsa dabino kore shar, ga gidaje na ƙasar gishiri, ga kantun gishiri an jera a rana. Inna ta ce a tsaya tun ba mu shiga gari ba. Ta sauka, ta cire takalmi, ta tafi da ƙafa. Matar da a gida sai na riƙe mata hannu zuwa bakin ƙofa, ita ce a gaba muna binta, tana shiga lungu tana fita lungu ba ta tambayi kowa ba. Wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar gida ta ƙura mata ido, ta yi salati, ta kira ta da sunan yarinta, Gana, wato ƙarama da Barbarci. Kafin mu kai ƙofar gidan Kaka rabin unguwa na bayanmu, mata na guɗa, yara na gudu. Da na ji guɗa sai na yi hamdala, don na san ba a yi wa mai zuwa ta'aziyya guɗa.

Tana da rai, Yaya! Iya Habsa tana da rai! Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya same ta bayan an sauke dabino, ya kama mata hagu, hannun ɗinkin ke nan. Karim ya ce sun ɓoye ne don kada hankalin Inna ya tashi, suka sa matarsa ta ɗinke buhun da jan zaren tsohuwa, suna ganin sun yi dabara. Ba wanda ya tuna da zancen hagu da dama. Muka iske ta kwance bisa tabarma a inuwa, ta rame ƙwarai, bakinta ya ɗan karkace. Inna ta durƙusa ta kama hannun nan da ya mutu ta ɗora a fuskarta. Iya Habsa ta daɗe tana dubanta, sa'an nan ta yi magana da ƙyar da Barbarci, sai na ga tsofaffin wurin sun fashe da dariya suna share hawaye. Na matsa wa Karim ya fassara mini. Ya ce cewa ta yi: “Gana, tukunyar da kika bar mini ta ƙone.”

Ashe akwai labarin da ba a taɓa ba mu ba. Wai da aka ɗaura auren Inna da Baba, shirin manya shi ne ta zauna gida shekara guda a haɗa mata kaya, in ayari ya komo baɗi a kai ta Agadas da gararta yadda ake kai kowace amarya. Ita ma ta yarda. Safiyar da ayarin zai tashi tana tsakar gida tana girki, ta ji kukan raƙuma ana tashinsu, sai ta ce wa Habsa ta duba mata wuta tana zuwa. Zuwan ke nan sai bana. Da zanen girki ta hau raƙumin Baba, kayanta sai wata shekara aka aika mata. Na juya na dubi Marwan, na dubi zanen da ke jikina da ƙafata ɗaya ba takalmi, na ce to, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk shekarun nan muna cewa ba mu san inda yaron nan ya gado halinsa ba, ashe mai halin tana zaune bisa tabarma tana jan carbi tana jinmu.

Mun yi kwanaki kaɗan kafin Mourtala ya gama kafa solarsa. Na ga bishiyar Inna da idona, doguwa har ta ɗan sunkuya, ta rungume ta kamar mutum. Na ga inda ake kwasar gishiri, na sha ruwan rijiyar Kaka, na gaisa da dangi har muryata ta dushe, kowa yana tambayar Seydou na Ghana. Turamen da muka yi shekaru muna jira ba wanda ya tambaye su. Sabulu biyu da Marwan ya tarar a aljihun mota muka ba matar Karim, ta karɓa kamar an ba ta zinariya. Kullum da hantsi Inna na shafa wa yayarta man zaitun a hannu tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna hira da yaren da ban taɓa sanin tana da shi da yawa haka a baki ba. Ranar da za mu taho Karim ya rantse ya ga babban yatsan ya motsa. Ni ban gani ba, amma ban musa masa ba.

Yanzu ga wurin da za ka yi faɗa, ka yi haƙuri ka karanta. Inna ba ta komo tare da mu ba. Mun ɗaure kaya, na je kiranta, ta ce mu sauka lafiya. Ta ce shekara arba'in tana cin busasshen dabinon bishiyarta, ba ta tashi sai ta ci ɗanye daga bisa, wato sai damina. Na yi magiya, na kawo zancen magani, ta ce akwai ɗan ɗakin likita a garin, Mourtala kuma yana zuwa duk wata, in aiko da shi. Na dubi Marwan ko zai taya ni, sai na ga yana dariya. Na bar mata maganin da ya rage, na rubuta wa Karim yadda ake sha, jiya kuma na sayi na wata uku a farmasi na kai wa Mourtala tare da barguna biyu. Ka ga dai ban bar tunanin gaba ɗaya ba. Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye ba, gidan ma yanzu ya yi mini faɗi. Amma ban taɓa ganin fuskar Inna yadda na bar ta ba, kuma da mun jira salla ƙarama Allah kaɗai Ya san abin da za mu tarar.

Ka ce wa Asiya ta duba cikin kalmomin nan nata na Ingilishi. Ka ce mini wasu na zargi ne, wasu kuwa ba laifi a cikinsu. Ta zaɓo mafi kyau, wadda ake faɗa wa mutumin da zuciyarsa ta riga kansa isa wurin alheri, ta ajiye wa Baffanta. Sauran na zargin ta bar su nan, zai buƙace su wata rana, don jiya ma na ji yana cikin cinikin wata tsohuwar mota marar inji.

Yanzu ka buɗe buhun. Dabinon bishiyar Inna ne, rabonka. Ka dubi bakinsa da kyau kafin ka farke: Inna ce ta ɗinka, Iya Habsa ta riƙe mata bakin da hannunta mai lafiya, shi ya sa ɗinkin ya tafi a karkace, ba hagu ba dama. Da tana miƙo mini shi na tambaye ta saƙon da zan ba ka. Shekara tara ke nan rabonka da gida, Yaya, kullum sai ka gama ginin, sai ka haɗa tsaraba, sai yara sun yi hutu. Ta ce: “Ki ce wa Seydou kada ya shirya. In ya shirya ba zai zo ba.”

Tijjani zai sauke albasa ya juyo ranar Alhamis, kujerar gaba ba kowa. Ban tambaye ka ba, ban yi shawara da kowa ba, na riga na ce masa ya ajiye maka ita. Mourtala kuma zai koma Fachi farkon wata. Bargo kawai za ka ɗauko, shi ma in ka manta akwai a nan.

Ka gaishe mini da Yaya Rabi da kyau, ka ce ta yafe mini satar miji da zan yi mata na ɗan lokaci. Ka gaishe da Asiya da Baha'uddeen da ƴar auta Asma'u, Allah Ya raya su. Illiya yana gaishe ka, ya ce in gaya maka shinkafar ta ƙone ƙurmus, tukunyar ma ba ta moruwa. Souwaiba da Mubarak suna gaida Kawunsu. Karim da dukan dangin Fachi sun ce a gaishe ka, sun ce suna nan suna duban hanya. Marwan ma ya ce in gaishe ka, wai in za ka yi masa faɗa ka zo ka yi a gabansa. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiranka,
Ramata